Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Ya Zama Bishop na Kogin Kwara



Ga shi sanyi ya wuce, zafi ya soma. Aikin gona bai taso ba tukuna, rumbu kuwa ya fara yin ƙasa. A irin wannan lokaci ne mu a ƙasar Gure da sauran ƙauyukan Damagaram muke samun sarari mu zauna taron ikkilisiya. A ƙidaya baikon hatsi, a duba kuɗin akwati, a zaɓi dattawa, a kuma saurari maganar waɗanda ke ƙarƙashin horo.

A daidai wannan lokaci kuma 'yan'uwanmu na ikkilisiyar Angilika suna cikin azuminsu na kwana arba'in. Sukan fara ran Larabar Toka, su ƙare da Idin Tashin Almasihu, wato Ista, ba su lissafa ranakun Lahadi a ciki. Suna tunawa da kwana arba'in da Ubangiji ya yi a jeji. Bishop ne ke shugabancin ikkilisiyarsu, shi ya sa a Amurka ake ce da ita Efiskofal, wato wadda bishop ke mulki. Mu ba mu da bishop, ba a kuma ɗora mana wannan azumi ba. Amma gwada zuciya kafin Ista aikin kowane mai bi ne.

Zan ba ka labarin baƙar fata na farko da ya zama bishop a cikin Angilika. Maƙiya sun sa masa sarƙa yana yaro, Allah ya kwance shi ran Ista. Amma ciwon da ya fi masa zafi, a zauren taron ikkilisiya ya same shi, a hannun 'yan'uwa, yana tsoho. In kai dattijo ne, ko ke matar dattijo ce, ko kai saurayi ne mai ganin laifin dattawa, labarin nan naku ne duka.

Yaro cikin sarƙa

An haife shi wajen shekarar 1809 a wani gari mai suna Oshogun a ƙasar Yarabawa. Iyayensa suka sa masa suna Ajayi. A zamanin nan daular Oyo tana rushewa, yaƙi ko'ina, gari yana cin gari. Wata safiya a farkon 1821, mata suna shirin abincin karin kumallo, sai mahara suka kewaye garin. Uban Ajayi ya ɗauki makamansa ya fita, ba su sake ganinsa ba. Aka ƙone garin. Aka kama Ajayi da uwarsa da ƙannensa mata biyu, aka sa musu igiya a wuya. Kafin a daɗe aka raba su.

Daga nan yaron ya zama haja. An taɓa musayarsa da doki, mai dokin bai gamsu ba, aka warware cinikin. Aka yi ta sayar da shi daga kasuwa zuwa kasuwa, ana gangarawa da shi wajen teku, har aka ba da shi a bakin taba da barasa. Baƙin ciki ya kai shi ga ƙoƙarin shaƙe kansa, amma Allah bai yarda ba. A Ikko, wato Legas, ya faɗa hannun 'yan Fotugal masu fataucin bayi, mutanen da ke amsa sunan Kirista. Suka zura sarƙa guda a wuyan manya da yara. In babba ya motsa cikin barci, yaro ne ke shan wuya. Haka Ajayi ya yi watanni, har da makonnin azumin shekarar 1822, bai ko taɓa jin sunan Yesu ba.

Ran 7 ga Afrilu 1822 aka loda shi cikin jirgin ruwa tare da bayi fiye da 180, za a haye da su teku. In ka duba lissafin kwanaki, ranar nan Lahadin Ista ce. Da maraicen ranar jiragen yaƙin Ingila biyu masu farautar jiragen bayi suka tare su. Yaran suka tsorata ƙwarai. Da suka ga harsasan igwa a tare, suka zaci kawunan 'yan'uwansu ne. Da suka ga naman alade a rataye, suka zaci naman mutane ne. Ashe ceto ne ya zo, ba su sani ba. Mu ma sau nawa taimakon Allah yakan zo mana da kamar da ke ba mu tsoro?

Sabon suna a Saliyo

Aka sauke su a Freetown ta ƙasar Saliyo, garin da aka kafa domin 'yantattun bayi. A can ƙungiyar mishan ta Angilika da ake kira CMS tana da makarantu. Ajayi ya kama karatu da himma, cikin wata shida yana karanta Sabon Alkawari. Ya kuma koyi aikin kafinta. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani fasto na Landan, Samuel Crowther. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827 domin horar da ma'aikatan bishara, sunansa ne na farko a littafin 'yan makaranta. Ya auri wata 'yantacciyar baiwa mai suna Asano, wadda aka yi wa baftisma da suna Susan. Suka zauna tare shekara hamsin, har ta rasu a 1880.

Kogin Kwara da harshenmu

Kogin nan da ya ba ƙasarmu suna, wanda ya ratsa Yamai da Gaya, shi ne ya gangara Nijeriya ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya faɗa teku. A 1841 gwamnatin Ingila ta aika da jirage uku su hau Kwara, su ƙulla alkawari da sarakuna a daina cinikin bayi. CMS ta sa mutum biyu a ciki, Crowther da wani Bajamushe mai suna Schön. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, aka komo ba nasara. Daga nan shugabannin CMS suka gane cewa 'yan Afirka ne za su kai bishara cikin Afirka. Aka kira Crowther Landan, aka naɗa shi fasto a 1843.

Tafiyar nan ta shafe mu ta wata hanya. Tun daga lokacinta Schön ya ba da ransa ga koyon Hausa, wanda ya fi taimakonsa kuwa ɗan ƙasarmu ne. Dorugu sunansa, an haife shi a Dambanas kusa da Kance. Aka kama shi bawa yana yaro, aka kai shi Kukawa ta Barno, wani Bajamushe matafiyi ya 'yanta shi. A watan Disamba 1852 ya ratsa ta nan Gure tare da Barth, wanda ake kira Abdul Karim, sa'ad da Barth ya sauka wurin Muniyoma Koso a kan hanyarsu ta zuwa Damagaram. A 1855 ya bi Barth zuwa Ingila, ya zauna a gidan Schön. Daga bakin yaron nan Schön ya gyara Hausarsa, har aka buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, da Sabon Alkawari a 1880. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, ya rasu a Kano a 1912. Ka ga yadda Allah ya ɗauki bayi biyu, ɗaya Bayarabe, ɗaya ɗan Damagaram, ya yi aiki da su.

Uwa da ɗa

A 1846 Crowther ya isa Abekuta tare da wani Bature, Henry Townsend, domin su kafa aiki a cikin Yarabawa. Bai daɗe da sauka ba sai aka kawo masa wata tsohuwa. Uwarsa ce, Afala, bayan shekara 25. Suka riƙe juna suna kallon juna, hawaye na zuba. Aka kuma gano ƙannensa. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma, aka sa mata suna Hannatu, gama ɗanta Sama'ila ne. Ke uwa mai kuka domin ɗanki da ya tafi Libiya ko Legas ba labari, kada ki fasa addu'a.

Crowther ya duƙufa ga juya Maganar Allah zuwa Yarabanci. A 1851 ya tsaya gaban Sarauniya Biktoriya, ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da harshen uwarsa. A 1854 ya sake hawan kogi da likita Baikie, wannan karo suna shan kwinin kowace rana, ba wanda ya mutu. A 1857 ya kafa aiki a Anacha, wato Onitsha, ya ci gaba da nufin kaiwa Sakkwato. Jirginsu ya bugi dutse kusa da Jabba ya nutse. Bai zauna yana kuka ba, sai ya kama koyon Nufanci. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, da takardun harsuna da ya yi shekaru yana tarawa. Ya sake farawa. A tsakiyar shekarun 1880 aka gama Littafi Mai Tsarki duka da Yarabanci.

An naɗa shi bishop

Babban magatakardan CMS a lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayi mai kyau. Ya koyar cewa ikkilisiyar kowace ƙasa ta ciyar da kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. A ganinsa mishan kamar itatuwan da magina ke takawa ne, in gini ya tsaya sai a kwashe su. Shi ya matsa a naɗa Crowther bishop. Crowther da kansa ya yi ta ƙi, yana ganin bai isa ba. Ran 29 ga Yuni 1864 aka ɗibiya masa hannu a babbar majami'ar Kantabari ta Ingila. Cikin taron akwai Leeke, shugaban jirgin da ya cece shi, da matar Bishop Weeks wadda ta koya masa baƙaƙe a Saliyo.

Amma ka lura da abin da aka yi a ranar farin cikin nan. Townsend da waɗansu Turawa ba su yarda su zauna ƙarƙashin baƙar fata ba. Saboda haka aka bar Ikko da Abekuta da Ibadan a hannun bishop Bature na Saliyo. Aka ba Crowther ƙasashen da ke bayan mulkin Sarauniya, musamman bakin Kwara, inda ba harshensa ake yi ba. An ba shi rawani, an hana shi garinsu. Tun daga ranar tsaga ta shiga bango.

Aikinsa a bakin kogi

Shekara 27 ya yi yana hawa yana gangarawa. A Bonny, can bakin teku, Sarki William Pepple ya gayyace shi, ya kuma ɗauki rabin kuɗin aikin. Mutanen garin suna bauta wa guza, ba mai taɓa ta. Ran Ista ta 1867 Sarki George Pepple ya shelanta cewa guza ba allah ba ce. Tsanani ya biyo baya. A 1875 aka jefa wani bawa mai bi, Joshua Hart, cikin ruwa aka kashe shi, domin ya ƙi cin naman da aka yanka wa gumaka. A 1867 kuma wani basarake mai suna Aboko ya kama bishop da ɗansa Dandeson kusa da Idah, yana neman fam dubu. Bishop ya ƙi a saye shi kamar dā. Aka kuɓutar da su, amma Baturen da ya zo cetonsu, Fell, kibiya mai dafi ta kashe shi.

Ga abin da ya kamata mu da muke zaune tsakiyar maƙwabta Musulmi mu koya. Crowther bai zagi addinin kowa ba. Yakan je gaishe da Sarkin Nufe Masaba a Bidda da ladabi. A 1872 a fadar Sarkin Ilori aka yi masa tambayoyi a kan Yesu a gaban malamai. Bai shiga gardama ba. Ya buɗe Luka sura 1 inda mala'ika Jibra'ilu ya zo wurin Maryamu, ya buɗe Yahaya sura 14, ya bar Littafi ya yi magana. Aka rabu da mutunci. Daga baya Sarkin Nufe Maliki ya aika masa da wasiƙa da Hausa ta hannun Fasto Charles Paul, yana kiransa uba, yana roƙonsa ya kai kuka wurin Sarauniya a hana shigo da barasa ƙasarsa. Sarki Musulmi ya amince da bishop haka, domin ya ga halinsa shekara da shekaru.

Ɓaraka a cikin gida

Yanzu mun zo wurin da ke da wuyar faɗi. Ba zan ɓoye maka ba, akwai ainihin zunubi cikin aikin Kwara. Tashoshin suna nesa da juna, tafiyar kwanaki. Bishop yana zaune a Ikko, ba shi da jirgin kansa shekaru da yawa, sai ya jira jirgin 'yan kasuwa lokacin cikar ruwa. Wata tasha sau ɗaya a shekara take ganinsa. Yawancin ma'aikatan daga Saliyo aka kawo su, albashinsu kaɗan, horonsu kaɗan. Waɗansu amintattu ne har mutuwa. Waɗansu kuwa suka shiga ciniki, da sha, da neman mata. A 1877 a Anacha waɗansu mutum biyu na gidan mishan suka yi wa wata yarinya baiwa dūka har ta mutu. Sai a 1882 aka yi musu shari'a a Saliyo aka ɗaure su. Labarin ya kai Ingila, sunan Almasihu ya sha kunya.

Bishop mutum ne mai taushin zuciya. In mai laifi ya yi kuka, sai ya karɓe shi, ya sāke masa wuri. Bai yarda ya kori mutum a kan jita-jita ba, wannan kuwa daidai ne. Amma wani lokaci haƙurinsa ya wuce wuri, kamar na Eli da 'ya'yansa a 1 Sama'ila sura 2 da 3. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Venn ya rasu a 1873, waɗanda suka gaje shi ba su da irin zuciyarsa. Zamani kuma ya juya. Turawa sun fara rabon Afirka, kamfanin Ingilishi da ya mallaki cinikin Kwara ba ya son 'yan kasuwa baƙaƙe, raina baƙar fata ya zama ruwan dare har cikin masu wa'azi. A 1878 aka aiko wa bishop jirgi, amma aka danƙa jirgin da lissafin kuɗi a hannun Bature. A 1879 aka kafa kwamitin kuɗi a bisa aikin. Aka aika a binciki ma'aikatansa, aka rubuta zargi a kansu, ba a ba su dama sosai su kāre kansu ba. Sunan shugabanci yana wurin bishop, jakar kuɗi tana wurin wasu.

Taron Anacha

A 1890 waɗansu samari Turawa suka iso Lakwaja da niyyar kai bishara ƙasar Hausa. Shugabanninsu John Alfred Robinson da Graham Wilmot Brooke, shi Brooke shekararsa 25. Kada ka ɗauke su mugaye. Sun bar gida da dukiya, sun sa riga da rawani, sun koyi Hausa, suna shirye su mutu. Suna ƙishin tsarki. Amma ba su da haƙuri, ba su kuma ga abin kirki ko ɗaya cikin aikin da aka yi shekara talatin kafin zuwansu ba. Suka hana yawancin masu bi na Lakwaja cin Jibin Ubangiji.

A watan Agusta 1890 kwamitin ya zauna a Anacha. Bishop ne a kujerar shugaba, ya haura shekara tamanin. Aka kawo ƙarar fastocin da shi ya ɗibiya wa hannu, har da Charles Paul. Bisa ga tsarin Angilika, bishop ne ke da ikon dakatar da fasto. Amma magatakardan kwamitin, F. N. Eden, ya tsaya a kan cewa CMS ce ke biyan albashi. Ya dakatar da fastoci a gaban bishop, har da Dandeson ɗansa, wanda ke kula da ikkilisiyoyin bakin teku. Samarin suka yi wa tsohon magana mai zafi, suka zarge shi da rufa wa zunubi asiri. Mutumin da sarakuna ke tashi su tarye shi, yaran da ba su kai jikokinsa ba suka ƙasƙantar da shi. Ya sauka daga kwamitin. Kafin ƙura ta lafa, mafi yawan fastocin Kwara an kore su ko sun bar aiki.

To, me ya yi? A Ikko mutane suka husata, waɗansu suka fita suka kafa ikkilisiyar kansu a 1891. Da bishop ya ɗaga yatsa, da dubbai sun bi shi. Bai yi ba. Bai zagi kowa ba, bai kai ƙara gaban hukuma ba. Ya rubuta wa shugabanninsa a Landan, ya bayyana matsayinsa da ladabi. Ya yarda ikkilisiyoyin bakin teku su ɗauki nauyin kansu da kuɗinsu, amma su zauna cikin Angilika. A watan Yuli 1891 shanyewar jiki ta same shi. Ran 31 ga Disamba 1891 ya huta a Ikko.

Abin da ya biyo baya

Robinson ya riga shi mutuwa a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi a watan Maris 1892. Ba wanda ya kai Kano a cikinsu. Duk da haka Allah bai zubar da hadayarsu ba, gama ɗan'uwan Robinson, Charles, ya je Kano daga baya, ya kuma rubuta ƙamus na Hausa. Ɗaya daga cikin samarin taron Anacha, Dobinson, ya rayu har ya gane kuskurensa, ya nemi gafara a fili. Ikkilisiyoyin bakin teku suka fara tsayawa da ƙafafunsu a watan Afrilu 1892 a ƙarƙashin Dandeson, suka yi ƙarfi, bayan 'yan shekaru aka daidaita da CMS.

Amma kujerar Crowther Bature aka ba. Baƙaƙe sai mataimaka. Bishop Tugwell, wanda ya hau kujerar a 1894, shi ya kai ayari Kano a 1900 tare da Likita Miller, Sarki Alu ya sallame su. Daga wannan tafiya aikin Zariya da Wusasa ya fito, Miller kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Sai a 1952, bayan shekara sittin, aka sāke ba 'yan ƙasa cikakken ikon bishop a Nijeriya. A 1979 Angilikan Nijeriya ta zama mai mulkin kanta. A watan Yuni 2014 kuma, a majami'ar nan ta Kantabari, Babban Bishop Justin Welby ya tsaya ya furta tuba saboda abin da aka yi wa Crowther. Taro ɗaya na 'yan kwanaki, aka yi fiye da shekara ɗari ana biyan bashinsa.

Mu fa?

Ɗan'uwa, kada ka ce wannan laifin Turawa ne, ya wuce. Zuciyar da ta yi aiki a Anacha tana nan a ƙarƙashin rumfar majami'armu. Ni da kaina na taɓa zama a taron da muka sa wani ɗan'uwa ƙarƙashin horo a kan maganar mutum ɗaya. Bayan damina gaskiya ta fito, amma shi ya riga ya daina zuwa sujada. Har yau abin yana damuna. Saboda haka ga abu huɗu da nake roƙonka ka riƙe kafin taronku na bana.

Na ɗaya, ga dattawa. Kada ku rufe zunubi domin mai yinsa ɗanku ne, ko surukinku, ko shi ya fi kawo baiko. Abin da kuka ƙi gyarawa da hannu mai taushi, wani zai zo ya gyara da gatari. Ku kuma riƙa zuwa ƙananan ƙauyuka. Mai bishara da aka bari shi kaɗai, ba ziyara, ba hatsi, an sa shi a bakin rijiya.

Na biyu, ga samari. Wataƙila kun fi mu karatu, wataƙila abin da kuke gani gaskiya ne. Amma karanta 1 Timoti 5:1 da 5:19. Manzo Bulus ya hana a tsauta wa dattijo da kaushi, ya kuma hana a karɓi ƙara a kansa sai da shaidu biyu ko uku. Matiyu 18:15-17 ya nuna mana matakai, a fara a ɓoye tsakanin mutum biyu. Galatiyawa 6:1 ta ce manufar horo ita ce a komo da wanda ya faɗi, da tawali'u. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Na uku, a kan kuɗi. Wanda ke biya yakan so ya yi mulki. Muddin muna miƙa hannu waje domin albashin fastonmu, maganarmu ba za ta yi nauyi ba. Kwanon gero da kowane gida ke kawowa da kaka, da akuya, da kwanan aiki a gonar ikkilisiya, su ne 'yancinmu. A kuma ƙidaya baiko a gaban mutum biyu ko uku, a karanta lissafi a fili, yadda Bulus ya yi a 2 Korintiyawa sura 8, domin kada a sami abin zargi.

Na huɗu, ga wanda aka zalunta. Wataƙila an tsige ka ba da hakki ba, zuciyarka tana cewa ka ja mutanenka ku kafa taku. Tuna da tsohon nan. Ya faɗi gaskiyarsa, bai yi shiru ba, amma bai yaga jikin Almasihu ba. Ya bi sawun Ubangijinsa, wanda aka zage shi bai rama ba, ya danƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya, kamar yadda 1 Bitrus 2:23 ta nuna. Ikkilisiya ba gādon gidan kowa ba ce. Da jini aka saye ta.

Annabi Ishaya a sura 58 ya nuna cewa azumin da Allah ke so shi ne a kwance sarƙar mugunta, a saki waɗanda aka danne. Ko kana azumi ko ba ka yi, tambayi kanka cikin makonnin nan: akwai wanda na ɗaure da bakina a taro? Akwai dattijon da na kunyata? Akwai laifin da na rufe don son kai? In akwai, tashi ka je gidansa tun kafin Ista.

In kuwa kai ba ka san Mai Ceton nan ba tukuna, ka sani akwai sarƙar da ta fi ta Ikko nauyi, ita ce zunubi. Yesu Almasihu ya mutu dominka, ya tashi a rana ta uku. Shi wanda ya kwance Ajayi yana iya kwance ka yau, in ka tuba ka ba da gaskiya gare shi.

Bari mu roƙi Ubangiji ya ba dattawanmu ƙarfin hali su tsauta, ya ba samarinmu ladabi su jira, ya ba mu duka zuciyar wanda ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Amin.